Kalmomi Biyu daga Daura

Zuwa ga ƙanwata Zuwaira,

Gaisuwa mai yawa. Ina Baba da Inna? Na iso Daura lafiya, ina dako a kasuwa. Wani tela yana koya mini Ingilishi. Ke da kike taƙama da Faransancin lakwal, makarantar nan taku, ga biyu ki gwada: free da flee. Ta farko mutum ne da ba igiya a wuyansa, ta biyu gudu ce. Ni duk ɗaya na ɗauke su. Tun da na tsere daga aikin tilas na hanyar kumandan, Baturen Faransa, babu wanda ya ɗaga mini bulala.

Yayanki, Ayuba

*

Zuwa ga Yaya Ayuba,

Bayan gaisuwa da ladabi, Hinda mai goro ta kawo saƙonka. Na rubuta kalmomin, na gode. Amma Yaya, ba ɗaya ba ne.

Ka san ƙa'idarsu: wanda ya gudu, nasa ake kamawa. Sojojin kumandan sun zo ƙauyenmu Kwaya, suka fito da Baba daga gona. Ya ce bai san inda kake ba, suka fasa masa baki da gindin bindiga. Sun ɗaura shi a bayan doki har Magariya. Yana fasa dutse a gurbinka, kowace safiya sai sun zane shi a gaban mutane. Da na kai masa fura, rigarsa ta manne da bayansa, sai da na jiƙa ta. Sun ce ranar da ka dawo za su sake shi. Shi kuwa ya ce kada in faɗa maka. Ka yafe mini, na kasa.

Ƙanwarka, Zuwaira

*

Zuwaira,

Gaisuwa. Ashe bayan Baba na bari ya ɗauki bulalata. Ki ce da shi ina tafe tare da ayarin masu kanwa. Su yi da ni yadda suka so.

Ayuba

*

Yaya,

Ina gaishe ka. Kada ka taso. Sun sake shi jiya, a naɗe cikin tabarma. Mun kai shi da la'asar. Inna ta ce in ka tsallako iyaka ba ta yafe ba, guda ɗaya ya ishe su.

Kalmar farko ta Baba ce yanzu. Ka riƙe ta biyu, ka yi nisa.

Zuwaira