Tukunyar Iskar da Ke Hannun Luka

Fatakwal,
Satumba, 1981.

Zuwa ga yayata Rahab,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Tsohuwa? Yaya damina a Dayi, dawa ta fara fitar da kai? Ni ina nan da sauƙi, sai kunnen hagu da ya daina ji tun bara. Ubangiji ya ba mu haƙurin rashin ƙanenmu Markus, ya ba shi hutawa.

Maiwada direba ya same ni a wurin aiki bayan ya sauke shanu, ya faɗa mini komai. Ya ce kwalekwale ya kife da Markus a dam yana dawowa daga gonar ƙetare, masunta sun lalube da gora da ƙugiya ba su same shi ba, kuma har yau ruwa bai maido shi ba. Ya ce Tsohuwa kullum tana zaune bakin ruwa da farin ƙyalle a cinya, ta ƙi karɓar gaisuwa sai ta ga abin da za a binne. Saƙonku na in zo in nutse in nemo shi ya iso. Ba zan ɓoye miki ba, na ji ɗaci. Shekara da shekaru ba wanda ya aiko mini da layi biyu, sunana a gida kwaɗon Bature. Yau an tuna da kwaɗo. To, ba ranar wannan magana ba ce, kuma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Zan zo.

Abin da ya sa na zauna rubutu kafin Maiwada ya juya shi ne maganar autanmu Luka. An ce Aƙilu makaniki na Funtua ya ba shi aron wata tsohuwar tukunyar iska ta masu nutso da abin shaƙarta, cikin kayan da maginan dam suka bari. An ce zai kai wa mai faci na bakin tasha ya buga mata iska, ya shiga ya ɗauko ɗan'uwansa, wai iskar da ta ɗauki tirela ba za ta kasa ɗaukar mutum ba. Ban ga laifin Aƙilu ba, taimako ya nufa. Amma Yaya, ki hana Luka, ko da kuka, ko da zagi.

Kin tuna Abdussamad mutumin Matazu, wanda muka zo Kirsimeti tare ya cinye miki tuwo malmala uku? Tare muke nutso. Wata rana injin cika tukwanenmu ya lalace, mai kula da aikin yana gaggawa, ya aika aka cika su da injin buga wa taya iska. Ba mugun mutum ba ne, shi ma cewa ya yi iska iska ce. Irin wannan inji yana zuƙar hayaƙinsa da baƙin mai ya tura cikin tukunya. Taya ba ta da huhu, ba ruwanta. Mutum kuwa a sama ba zai ji komai ba sai ɗan wari, a ƙarƙashin ruwa barci ne zai ɗauke shi. Abdussamad ya riga ni shiga. Da igiyarsa ta daina motsi na bi ta da tsohuwar tukunyata mai sauran iskar jiya, na same shi zaune a laka, hannu bisa gwiwa kamar mai zaman tahiya, abin shaƙa na bakinsa, ido buɗe. Bai ko yi kokawa ba. Tun ranar ban sake shiga ruwa ba, na koma gyaran kaya. Har yau in na tsoma abin shaƙa a baho don in ga ko yana yoyo, kumfa ta taso, fuskarsa nake gani a ƙarƙashi, yana dubana kamar zai tambaye ni lokaci. Ba na son fuskar Luka ta zo ta zauna kusa da ita.

Ko da iskar mai kyau ce, kayan da suka shekara a rana ba abin amincewa ba ne. Akwai wasu 'yan zobba na roba a kowace mahaɗa, ƙanana kamar zoben yarinya, zafi na busar da su su tsage. Na san halin mutanenmu, wani zai ce a yanko tsohon tub na keke a maye gurbi, a shafa basilin ko man gyaɗa. Irin wannan man, cin robar yake yi. Na sayi zobban kowane girma na ɗaure a gwangwanin taba, da nasu man na musamman. Cikin kayan da zan taho da su na sa tiyo biyu sababbi, da robar baki, da faifan robar da ke cikin abin shaƙa, wanda in ya huje ruwa za ka sha maimakon iska. Na sa agogon da ke nuna sauran iska, da madaurin gilashin fuska, da sifanu ƙanana da sukundireba, don sifanun Aƙilu na tarakta ne, za su cinye kan noti. Akwai wuƙa da ƙaramin zarto, saboda na san itatuwan da dam ɗin ya shanye, ɗorawar gonar Baba ma tana ciki, kuma zuciyata na ba ni reshe ne ya riƙe Markus. Tukwane biyu zan cika a nan, don daga Zariya har Katsina ban san inda zan sami iskar da zan yarda da ita ba. In sun ƙare, aiki ya ƙare.

Ki faɗa wa Tsohuwa gaskiya, ban yi alkawarin samo shi ba. Ruwan damina ja ne, tocila ba ta aiki, da hannu ake nema kamar makaho a ɗakin da bai sani ba. Ina tsoron in rasa shi, ina kuma tsoron lokacin da hannuna zai taɓa shi. Zan taho a motar Maiwada ta gaba. Kafin nan ki karɓi tukunyar ki jefa cikin rumbun maigidanki, a liƙe baki. In Luka ya yi gardama, ki ce na ba shi aikin da ya fi shiga wuya: shi zai riƙe igiyata. Ba zan ba wani ba.

Ki gaishe da Tsohuwa, da maigidanki, da Ladidi matar Markus, Ubangiji ya raya mata abin da ya bari. Ki gaishe da Fasto da maƙwabcinmu Malam Mudi, na ji ya yini cikin ruwa da gora, na gode masa. Ki ce wa Tsohuwa ƙyallen da ke cinyarta na mutum ɗaya ne, kada ta bari a sa ta sayo na biyu.

Ni ne ƙanenki,
Bitrus.