Santsin da Inna Ta Ce

Litinin, 3 ga Maris

Fayil uku na mayar wa likitoci yau. Duk abu ɗaya suka rubuta: "Ta faɗi a gida." Shi ke nan fa. A ina cikin gidan? Santsi ne, tuntuɓe ne, ko jiri? Tana me? Aikina a ɗakin kati shi ne in ba kowane ciwo lambarsa, kuma kowace irin faɗuwa da tata lambar. In ba su rubuta ba, sai in sa lambar "ba a fayyace ba", wadda na tsana kamar me. Mai Tabarau, abokiyar teburina, ta ce tsakina ya kusa tsinka mata dodon kunne.

Laraba, 5 ga Maris

Inna ta faɗi. Wuyan hannunta na dama ya tsage, an naɗe shi da filasta. Baba ne ya kira ni. Maƙwabciya ce ta kawo ta asibitinmu, shi bai zo ba, wai yana gadin gida.

Inna ta ce wa likita santsi ne a banɗaki. Na ji tsoro ƙwarai.

Alhamis, 6 ga Maris

Yaya ya kira. Ya tuna min maganar da muka yi bara: ranar da ƙarfin ɗayansu ya gaza, a rufe gidan, Baba ya koma wurinsa, Inna ta dawo ɗakina na kusa da asibiti. Babu mai wurin da zai ɗauki su biyun. Na ce masa wannan santsi ne kawai, tabarmar roba za ta magance shi. Amma in ta sake faruwa, na yarda.

Asabar, 8 ga Maris

Na kai tabarmar. Banɗakin nan simintinsa kaushi gare shi, ko da gangan mutum ba zai zame ba. Na zuba ruwa na gwada da silifas ɗinta, ina goga ƙafa kamar mara aikin yi.

Na ce, "Inna, kina me lokacin da kika faɗi?"

"Wanka."

"Maƙwabciya ta ce zaninki a bushe yake."

"To alwala... wanke ƙafa. Ke Auta, ni ba fayil ba ce."

Baba na kan kujerarsa yana dariya. Ya ce in ƙyale masa sandarsa ta huta. Haka yake kiranta tun muna yara, sandata. Na wuni a gidan, ban ga ya tashi ko sau ɗaya ba, sai yanzu da nake rubutu abin ya faɗo min.

Lahadi, 9 ga Maris

Na gani.

Na sake zuwa gidan, na yi musu sallama da rana, na fita, sai na tuna na bar makullina a kan taga. Da na leƙa, Inna ta sunkuya a gaban kujerar, ta ɗaga hannun filastar sama kada ya taɓu, ta miƙa masa kafaɗar hagu. Ya riƙe wuyanta. Tana cewa, "A hankali, malam, kada ka ja ni irin na ranar nan." Shi kuma yana cewa, "Yi haƙuri, yi haƙuri." Suka miƙe tare suna tangaɗi, suka tsaya jim har jirin ya sake shi. Tsohuwar da ko bokiti ba ma bari ta ɗauka.

Na shiga. Suka juyo suka gan ni. Can Inna ta ce tun kafin sabuwar shekara ƙafafunsa ke yaudararsa, in ya miƙe sai ya ga duhu. Ran Laraba a ɗakin kwana ne, tana ɗaga shi daga gado, suka zube tare, shi a kanta.

Na ce me ya sa ba su faɗa ba. Har na ɗaga murya, Allah ya yafe min.

Ta ce, "In mun faɗa ku raba mu. Can wa ya san yadda ake tashinsa?"

Baba ya kalli ƙasa. Ya ce, "Ni na karya ta, Auta."

Na zauna a dandamali na yi kuka na ƙoshi. Inna tana shafa kaina da filastar, da nauyi kamar bulo.

Litinin, 10 ga Maris

Ban kira Yaya ba.

Talata, 11 ga Maris

Na kai su wurin likita su biyun. A mota Inna ta ce na ci amanarta, ta juya min ƙeya har muka isa. Amma da bakinta ta gyara labarin. Likita ya auna jinin Baba yana kwance, ya sake aunawa yana tsaye, ya ce da alama maganin hawan jininsa ya yi masa yawa. Ya rage shi, ya rubuta masa ƙarfen dogarawa da motsa ƙafafu. Da an tsaya a kan santsi, da tabarmar roba kawai za su samu.

Ba na taɓa fayil ɗin dangi, don haka Mai Tabarau ce ta sa lambar. Ta karanta min a hankali: faɗuwa a gida, ɗakin kwana, tana ɗaga wanda take jinya. Na san akwai wannan lambar, amma duk shekaruna a nan ban taɓa sa ta ba. Na ce mura ce ke damun idona.

Juma'a, 14 ga Maris

Na faɗa wa Yaya komai. Ya ce to lokaci ya yi. Na ce a'a. Ya ce ai da ni aka yanke. Na ce na sani, amma ba ka ga yadda take miƙa masa kafaɗa ba. Sai ya tambayi tsawon Baba, wai shi zai sayi ƙarfen.

Laraba, 19 ga Maris

Na kawo akwatina gidan su Inna. Kafin a cire filastar ne kawai, kada wani ya ɗauka wani abu ne. Na kawo da fankata, da tukwanena biyu, don kada su yi ƙura a can.

Da safe Baba ya ce, "Ina sandata?" Muka amsa tare. Inna ta harare ni ta ce ni ƴar aro ce, in tsaya ta hagu in ga yadda ake yi. Ta fara yi min magana ke nan.

A ofis wani fayil ya zo, wata tsohuwa, karayar ƙugu. "Ta faɗi a gida." Mai Tabarau ta toshe kunne tana jiran tsaki. Ban yi ba. Na mayar wa likita da ƴar takarda: a sake tambayarta tana me, a hankali, ba a gaban ƴaƴanta ba.