Mai Riƙe Da Ƙwallo Ba A Katse Shi

Zuwa ga ƙanena abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare ka da sharrin baƙunta, Ya sa albarka a aikin da ya kai ka nesa da mu. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma zaga gida tana yi wa kowa faɗa, ka ga lafiya ta samu ke nan. Maigidana yana fama da motarsa, ni kuma ina kan keken ɗinkina kamar kullum.

Saƙonka ya iso, inda ka ce in cire 'yarka Auta daga makaranta tunda ta daina magana. Ban amsa da wuri ba domin a lokacin zuciyata tafasa take, abin da zan rubuta ba zai karantu ba. Yanzu zauna ka ji. Ka san in'inar Auta, ka san yadda ta ƙaru bayan rasuwar mahaifiyarta. To, Allah Ya haɗa ta da malamar aji uku, mace mai sanyin hali. Kowace safiya takan sa yara su ture bencuna jikin bango, su zauna a ƙasa a da'ira, a riƙa miƙa wani ƙwallon tsumma hannu zuwa hannu. Ni ce ma na ɗinka mata shi da ragowar yadi. Doka ɗaya ce: wanda ƙwallo yake hannunsa shi ke da magana, ba a katse shi, ba a ƙarasa masa, ba a dariya, sai ya miƙa da kansa. Wani ya faɗi abin da ya ɓata masa rai, wani ya nemi gafarar abokinsa. Da farko Auta miƙawa kawai take yi. Sannu a hankali ta fara cewa kalma ɗaya, sai biyu, har ranar da ta dawo gida tana ba ni labarin ƙawarta ina aunin hannun riga, na ajiye tef na shiga ɗaki na yi kuka.

Sai shaiɗan ya shigo cikin rigar mataimakin shugaban makaranta. Wata safiya a taron fili ya kira ta gaban kowa ta karanta alƙawarin makaranta. Harshe ya sarƙe. Maimakon ya jira, sai wannan ƙato mai furfura a gemu ya kwaikwayi maganarta a lasifika, makaranta ta ɗauki dariya. Wallahi ƙanena, tun daga ranar bakin yarinyar nan ya rufe ruf. Ko ruwa take so sai dai ta nuna da hannu. Na je ofishinsa, ya bar ni a tsaye yana danna waya, ya ce wai wasa ne, kuma wai zaman da'irar nan ɓata lokaci ne da ke sangarta yara. Na fito, a bakin ƙofar nan na yi rantsuwa sai ya ɗanɗani abin da ya ba ta. Maigidana ya ce in bar wa Allah. Na ce na bar wa Allah, amma ai rama cuta ga macuci ibada ne.

Na yi ta jira kamar kyanwa a bakin rami, har ranar taron iyaye ta zo, manyan baƙi daga ofishin ilimi suka halarta. Ashe labarin ajin ya kai musu, suka ce shi suke son gani. Kai, ka zo ka ga mutumin! Ya shige gaban malama, ya ɗauki ƙwallona, ƙwallon da na ɗinka da hannuna, yana ta zuba wa baƙi bayani wai tsarinsa ne, shi ya kawo shi. Da bakinsa ya zayyana dokar, har da ɗaga yatsa, cewa ko shugaban makaranta ba ya katse mai ƙwallo. Nan na ce a raina, yau ranar wanka ce, ba ɓoyon cibi. Na ɗaga hannu cikin ladabi, na ce mu iyaye muna roƙon mai tsari ya zauna cikin yara ya nuna mana yadda ake yi. Baƙi suka tafa. Ba yadda zai yi, ya tattare babbar riga ya durƙushe a ƙasa tsakanin yara.

Niyyata in ƙwallo ya zagayo in nemi a ba ni, in wanke shi tas, don na kwana biyu ina haddace abin da zan faɗa. Amma ba a kai gare ni ba. Ƙwallo ya iso hannun Auta, ta riƙe, ba ta miƙa ba. Ƙawarta ta matso ta dafa mata gwiwa, sauran yara suna jiran ta. Sai ta buɗe baki. Kowace kalma sai da ta yi kokawa da ita, amma ta faɗa: ta ce ranar da malam ya kwaikwaye ta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige, ta ce ba da gangan take yi ba. Malamin ya motsa zai tare ta, wani yaro ɗan mitsitsi ya tuna masa cewa ƙwallo ba a hannunsa yake ba. Haka ya zauna ya shanye, gumi yana bin wuyansa, baƙi suna kallonsa. Ni kuwa sanyin daɗi ya ratsa ni har tafin ƙafa, ba zan ɓoye maka ba.

Da ta gama, sai ta tashi ta sa masa ƙwallo a hannu. Mutumin da lasifika ba ta isarsa, ya buɗe baki ya rufe, ya sake buɗewa, ba abin da ya fito. Ba wanda ya yi dariya. Auta ce ta ce masa kada ya damu, a ajin nan ana jira. Daga baya ya ba ta haƙuri da wata 'yar murya, ita kuma ta ce ta yafe. Ita ke nan. Ni ban yafe ba, kuma duk inda muka haɗu sai na gaishe shi da tambayar ya ƙwallo.

Saboda haka maganar cire ta ba ta taso ba, tana nan a ajinta cikin 'yan'uwanta. Abu ɗaya nake roƙonka. Ta ce tana son yin magana da kai a waya, amma tana tsoro, domin kai ma ka saba ƙarasa mata magana don ka rage mata wahala. In ka kira, ka ja bakinka ka jira ta, ko da katinka zai ƙare. Kada ka sa in ɗinka maka naka ƙwallon.

Inna tana sa maka albarka. Maigidana, Kawu da Babban Yaya suna gaishe ka. Ka gaida abokan zamanka da maigidan aikinka. Auta ta ce kada in rubuta gaisuwarta, da bakinta za ta faɗa maka.

Taka har kullum,
Yayarka mai ɗinki