Lomar da Baba Ke Ragewa

Keffi,
Yuni, 1976.

Zuwa ga yayata Hauwa'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Malam Idris da yara, Ya kuma sauƙaƙa muku zafin Maidugurin da kike ta kuka da shi. Mu nan damina ta zauna sosai, rafi ya kawo ruwa har mata sun daina wanki a gindin gada. Matata Mero ta rabu da ciwon haƙorin nan da ya hana mu sakat, 'yarmu A'i kuwa ta fara tafiya, ba abin da ta bari a tsaye a tsakar gida. Gwaggo Fadimatu ta koma Gitata tun bayan arba'in ɗin Inna, Allah Ya jiƙanta Ya sa ta huta. Za ki ga ban bi ta gidan waya ba, direban da ke kai doya wajenku na ba, domin maganar ba ta jira ba ce. Maganar Baba ce.

Tun ranar da muka dawo daga kai Inna, Baba bai ƙara sa tuwon gidan nan a baki ba. Mero ta yi na dawa, ta yi na shinkafa, ta yi miyar kuka, ta yi ta karkashi, kullum akushin yadda ya shiga zaure haka yake fitowa. Har kuka ta yi, tana cewa ko hannunta ne yake ƙyama. Da na matsa masa sai ya ce ba laifin yarinya ba ne, shi dai bai san wanda zai rage wa ba. Kin san al'adarsu shi da Inna: ko me aka kawo masa sai ya bar loma a gefen kwano ya rufe, ita kuma ba ta cin komai sai an mayar mata da wannan ragowar. Mun sha yi musu dariya a bayan ido. Yanzu in na tuna dariyar nan sai in ji ba daɗi.

Ana nan, wata ranar Talata ina ofis aka zo aka ce mini an ga Babanmu, Malam Mijinyawa, zaune a kan benci a rumfar Dabo mai shinkafa da wake, nan bakin unguwarmu, a tsakiyar 'yan kamasho. Na ce ƙarya ne. Mutumin da ya taɓa zane ni don an gan ni ina cin ƙosai a tsaye a kasuwa, wanda ke cewa dattijon da ya ci abinci a waje ya tona asirin gidansa? Amma gani ya kori ji. Na tarar da shi da babbar rigarsa da rawaninsa, ya naɗe hannun riga yana ci kamar wanda ya kwana uku a daji. Da ya gan ni ko kunya bai ji ba, ya matsa mini wuri kawai. Ni kuma kin san halina, ba banza kika sa mini Ubale-ciki ba, faɗuwa ta zo daidai da zama. Na ce a zubo mini, na ce a raina tun da yana ci ai alhamdu lillahi, masu surutu su yi ta yi.

Daga nan ya zama kullum da azahar tare muke fita. Ba za ki gane Keffi ba in kin zo. Tun da kuɗin mai ya shigo, ga kuma maganar sabon babban birni da aka ce za a gina kusa da mu, manyan motocin siminti sun cika gari, kowace kusurwa an kafa gidan abinci. Baba yakan yi 'yan kwanaki a wuri ɗaya, sai rana ɗaya ya wuce shi ko kallo babu, ya shiga na gaba. Bayan Dabo muka koma wurin wata Bayarabiya mai amala, inda na sha fama da miyar lalo tana zille mini tsakanin yatsu, barkono kuma ya sa ni hawaye a gaban jama'a. Muka shiga sabon otal ɗin Gamaliyel mai fanka a sama, inda yara masu fararen riguna ke kawo soyayyiyar shinkafa da cokali mai yatsu da wuƙa, kai ka ce fiɗa za a yi. Baba ya ture ƙarafan gefe ya nemi ruwan wanke hannu. Ban ɓoye miki ba, a kwanakin nan na ji daɗina, har wandona ya fara matse ni. Abin da ban lura da shi da wuri ba shi ne, ni ina ƙiba shi yana ramewa, alhali abu ɗaya muke ci.

A wurin Scholastica ne jikina ya fara yin sanyi. Wata Inyamura ce da ta dawo bayan yaƙi, tana sayar da sakwara da miyar shuwaka mai busasshen kifi, miyar da har yau in na tuna sai yawuna ya tsinke. Daga tukunya ɗaya ta zuba mana, a kan idona. Muna cikin ci sai na ji wani ƙamshi na tasowa daga kwanon Baba wanda babu shi a nawa. Na kai hannu, ya buge ni kamar yadda yake yi muna yara, amma na riga na dangwalo. Yaya, wallahi miyar Inna ce. Daddawar nan tata da take ɗan gasawa a kan garwashi kafin ta daka, da kimbar da take sawa har ta ɗan yi yawa. Na koma kan tawa, shuwaka ce da kifi, ba wani abu. Da na tambayi Scholastica ta rantse da abin da take bauta wa ita ba ta taɓa sa daddawarmu a tukunyarta ba.

Washegari ta ja ni gefe, da Hausarta mai karyewa, ta ce tana so in faɗa wa tsohona ya canja wuri, ba don ta ƙi cinikinsa ba. Ta ce kullum yana barin loma a gefen kwano ya kifa wani kwanon a kai, ita kuma in mun tafi ta buɗe sai ta tarar an suɗe shi tas, har da sawun yatsu. Da fari ta zargi kyanwa, sai ta tsaya a kan kwanon ba ta matsa ba har muka ɓace, ta buɗe, haka dai. Ta kuma ce tun kafin mu fara zuwa, wata tsohuwa doguwa mai baƙin zane da farin mayafi ta tsaya a ƙofarta da hantsi, ta ce gobe maigidanta zai zo, a rage gishiri don likita ya hana shi. Wa ya san maganar gishirin Baba in ba mu ba? Na koma wurin Dabo na tambaye shi. Ya ce shi ma ta zo masa, ya ɗauka wata 'yar'uwarmu ce, sai da ta juya ya ga tafiyarta, daga nan bai sake bari ya tuna ba. Dabo kuwa yana cikin waɗanda suka sallaci Inna.

Na san abin da za ki ce, domin ni ma shi na ce wa kaina: wanda ya tafi ya tafi, ba ya dawowa. Na je wurin Malam Dogara na zayyana masa komai. Ya ce mamaci yana inda Allah Ya ajiye shi, amma akwai halittun da ke aron kamar mutum su bi wanda baƙin ciki ya raunana. Ya ba ni rubutu, ya ce a yawaita sadaka. Baba ya karɓa ya sha ba musu, ya yi godiya, da azahar ta yi kuma ya ɗauki sandarsa. Na gwada tare shi a zaure, ya dube ni da wani irin sanyin ido, ya ce in ba shi hanya kada ta yi ta jira. Ban iya ba, Yaya. Ubana ne, na matsa.

Mero ce ta gano abin da ya fi tayar mini da hankali. Ina lissafa mata wuraren da muka ci, daga Dabo zuwa mai amala, zuwa otal, zuwa Scholastica, zuwa rumfar Caroline mai farfesun kayan ciki inda muke yanzu, sai ta ajiye tsintsiya ta tambaye ni ta ina muka bi da makarar Inna. Ni da na ɗauki makarar a kafaɗata ban taɓa haɗa abin ba. Hanyar ce, tiryan-tiryan. Ba mu taɓa komawa baya ba, ba mu taɓa ratsewa wani titi ba, ko da yake akwai gidajen abinci da suka fi waɗannan suna a wajen tasha. Kowane sabon wuri ya fi na jiya nisa da gida. Bayan Caroline kuwa saura rumfa ɗaya tak, ta wata mata Magdalena mai tuwon acca da miyar riɗi, daga ita sai gonakin rogo, sai maƙabarta.

Jiya da safe na tafi wurin Magdalenar ni kaɗai, da niyyar in roƙe ta ta rufe rumfar na ɗan lokaci, ko in ya zo ta ce abinci ya ƙare. Tun kafin in gama gabatar da kaina ta ce ai ta san da zuwanmu, tsohuwar gidanmu ta riga ta zo. Matar nan fara'a take yi, ba ta san komai ba, har tana yabon ladabin tsohuwar. Ta ce an gaya mata ba yanzu ba, sai ranar da sabon wata ya tsaya. An ce ta yi na mutum biyu, ta rage gishiri. Na ce ai mu biyu ne dama, ni da shi. Ta ce a'a, an ce ɗan ba zai zo ba ranar. Kuma an ce kada ta zuba a faranti, ta zuba a kwano mai murfi ta ɗaure da ƙyalle, don ba a nan za su ci ba.

Ban san yadda na kawo kaina gida ba. Tsoro nake ji, Yaya, ban taɓa jin irinsa ba, kuma ba tsoron tsohuwar ba ne, tsoron in wayi gari ba uwa ba uba. Ga abin da nake roƙonki. Duk cikinmu ke kaɗai kika ɗauko hannun Inna a girki, ke ta koya wa gashin daddawar nan. Ki nemi izinin Malam Idris ki biyo motar nan in za ta juyo. Ki zo ki ɗora tukunya a murhun Inna, ki kai masa akushi da hannunki, ki zauna a bakin ƙofa ki ce ke za ki ci ragowar. Wataƙila in ya samu wanda zai rage wa a gida, ya daina bin wadda ke jiransa a waje. Ban ce zai yi aiki ba, amma ba ni da wata dabara, kuma watan nan ya riga ya raba tsakiya. Kada ki tsaya haɗa tsaraba.

Ki gaishe mini da Malam Idris da kyau, ki ba shi haƙuri a kan wannan kira na gaggawa. Ki shafa mini kan Huraira da ƙannenta. Mero tana gaishe ki, ta ce ta wanke tukunyar Inna ta kife tana jiranki. Gwaggo Fadimatu ma na aika mata, amma ban faɗa mata duka ba saboda zuciyarta.

Da zan rufe takardar na leƙa zaure na tambayi Baba ko yana da saƙo. Ya ce in gaishe ki, Allah Ya yi miki albarka ke da zuriyarki. Har na juya sai ya kira ni, ya ce in ƙara da cewa duk abin da ya taɓa yi miki, wanda ya sani da wanda bai sani ba, ki yafe masa.

Ki taho, Yaya.

Ni ne ƙaninki,
Ubale Mijinyawa.