Rumfar Shayin Kafili

Daren Laraba, 9 ga Rajab, Madain Fahd

Kafili, wato Balaraben da nake aiki a ƙarƙashinsa, ya dawo daga Ingila da hoton wani ɗan ɗakin bautar Hindu da ya gani a lambun wani tsohon gidan attajirai. Wai wani Bature da ya yi arziki a Indiya ne ya gina shi, don kawai ya riƙa hango shi ta taga. Yanzu irinsa yake so in gina masa, ban da gumaka, ya riƙa shan shayi a ciki.

Na nuna wa Kumar hoton, ɗan Hindun da ke sa mana tayil. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Kai Isa, ƙofar ma ba gabas take kallo ba. Ba wanda ya taɓa ibada a nan."

Wawan Bature! Ya mai da addinin mutane kayan ado, ga wani wawan zai kwaikwaye shi.

Sau uku na maimaita a mota yadda zan ƙi aikin. Da kafili ya ce, "Yalla, yaushe za ka fara?" sai na tuna iƙamata, takardar izinin zama, saura wata guda ta ƙare, kuma shi ke sabunta mini ita.

Na ce masa Asabar. Wawayen sun zama uku ke nan.