Dariyar da Na Yi wa Yagana

Yaya Falmata,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya ciwon gwiwar nan? Ya Alhaji da yara? Mu nan Hausari lafiya lau.

Yaya, na yi abin kunya. Ran Juma'a abokaina suka zo, muna mamakin yadda tsuntsayen da ke sauka gonakin Zabarmari duk shekara ba sa ɓata hanya. 'Yata Yagana, da ta zo hutu daga jami'a, tana ajiye mana shayi ta ce, "Baba, masana na zaton akwai wani sinadari a idonsu, in haske ya taɓa shi sai su ji maganaɗisun ƙasa."

Na ce, "Wannan tatsuniyar kuke karantawa?" Kowa ya fashe da dariya. Ta sunkuyar da kai ta fita. Alhali ni ban san komai a kai ba.

Da kullum sai ta ba ni labarin karatunta. Yanzu daga gaisuwa shi ke nan. Sau da yawa na kira ta don in ba ta haƙuri, sai in ɓuge da wata maganar.

Ki sa ni a addu'a, in iya ba 'yata haƙuri kafin ta koma. Ki gai da kowa.

Ƙaninki,
Modu