Jar Rigar Tabawa

Zuwa ga angona Moussa, a Amirka.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ka lafiya, kai da kishiyata Balkisu da yara. Mu nan Filinge sai godiya. An yanke gero, rumbu ya yi nauyi, ƙafata ma ta yi sauƙi. Tun da soja sunka hau, saƙo ba ya saurin zuwa, shi ya sa na ba Albarka direba wannan ya kai Yamai ga mai tahiya wajenku.

To ango, ka ja mini kunya. Kai ka aiko mini shuɗiyar rigar ekip ɗinku, ƙungiyar ƙwallon garinku, ka ce bana ba mai tsaya muku. Tabawa maƙwabciyata, jikanta Sule da ke can Amirka ya aiko mata ja, ta garinsu. Kai ka gaya mini garuruwa huɗu ne rukuninku, kowa ya gamu da kowa sau biyu. Na ɗauki maganarka na yi alkawari da Tabawa gaban mata: wadda aka kada, ta sa rigar 'yar'uwarta ta ratsa kasuwar Lahadi. Sai ga shi duk ukun sun taka ku, har da mutanen Sule! Na sa jar riga tun daga masu tattasai har turken awaki, Tabawa na bayana tana guɗa, tana faɗa wa kowa wai ta kama baiwa. Shekara saba'in ban ga rana irin wannan ba.

Yanzu kowa ya zama gwani. Samarin tasha da ke gani a talho sun ce laifin mai jifa ne, wai yana miƙa wa abokan gaba ƙwallo kamar goron biki. Tsoho Baushe, wanda ya yi kokawa zamaninsa, ya ce a bar yaro, ƙattin da ke tare masa ne ragwaye, rumbun da ba shinge ai na jaki ne. Tabawa kuwa cewa ta yi kun ci ƙauyukan nesa kun zo gida kun kwanta, zakaran da ke cara a daji. Ni na duba da idona. Wannan ba ƙwallo ba ce, kokawa ce da hular ƙarfe, kuma ban ga ɗan kokawar da ke shiga fili ba laya ba. Nan cutarku take.

Saboda haka ga layar Baushe cikin ƙyalle, wadda ya kada mazan Baleyara da ita. Ka kai wa mai jifanku, a ɗinke ta cikin matasan kai ɗin nan da suke cusawa a kafaɗa, wuri bai ƙare ba. Kada ka yi mini dariyar 'yan lakkol masu boko. An ce saura karo ɗaya da mutanen Sule. Ko ba ku ci komi ba bana, ku ci wannan. Na wanke shuɗiyar riga na turara ta, na yi magana da mai kalangu, Tabawa sai ta ratsa kasuwa sau biyu. Ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi.

Ka gaida Balkisu, ka shafa mini kan Hamidu da Rabi. Baffanka Isufu na gaishe ka. In kuma kunka sake faɗuwa, ka aiko mini takardata, Sule zan aura. Rigarsa dai na riga na gwada, ta zauna mini.

Matarka ta fari,
Kaka Dijatu